Huhun Mahauci

Ya fi shekara talatin yana sa hannu cikin huhun shanu kafin ya ga nasa. Tun yana yaro mai riƙe wa mahaifinsa ƙafar sa a mayankar Garwa ya koyi cewa huhu lafiyayye ba ya da nauyi, launinsa ja-ja ne mai haske, kuma in an matsa shi sai ya lotsa ya komo kamar soso. Ya kuma koyi abin da mahauci ba ya so yatsansa ya taɓo da asuba, wato wasu ƙullutai masu tauri da ke ɓuya cikin tsokar huhun ko cikin kaluluwar da ke gindin maƙogwaro. In aka tsaga ɗaya, wani lokaci a tarar da abu fari mai laushi kamar cuku, wani lokaci kuwa wuƙa ta yi ƙara a kansa kamar ta haɗu da tsakuwa. Idan malamin dabbobi ya gan su, huhun ya tafi ke nan, in sun bazu ma har san gaba ɗaya, da kuɗin da aka ranto aka saye shi. Saboda haka akwai ranakun da ya riga malamin gani, ya yanke wurin da sauri ya jefa wa karnuka, ya rufe bakinsa. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin babban laifi ba. A ganinsa ciwon dabba ne, kuma wuta tana cinye komai.

Kalmar huhu, a rubuce, ɗaya take da huhun goro, sai a baki ne karin sauti ke raba su. Abokan sana'arsa sukan yi wasa da hakan, su ce Bahaushen Garwa ko dai yana kwance huhu a kasuwar goro ko yana tsaga shi a mayanka. Akwai gaskiya a wasan, domin fawa da fatauci suna cikin sana'o'in da suka zaunar da Hausawa a wannan gari na bakin Binuwai, tsakanin Fulani masu sarauta da masu shanu. Ƙullutan nan kuwa ba baƙi ba ne a yankin. Masu bincike da suka duba dabbobin da ake yankawa a Bamenda da Ngaundere da Garwa da Marwa sun same su, sun kuma tabbatar da ƙwayar tarin fuka ta shanu a cikinsu, wadda 'yar'uwa ce ta kusa ga ta mutane. Daga ita ce ma Calmette da Guérin na Faransa suka raunana irin da ya zama allurar BCG, wadda aka fara ba ɗan Adam a 1921, mai barin ɗan tabo a hannun jarirai.

Tarin ya fara masa ne da hunturu, lokacin da ƙura ke rufe gari har gadar Binuwai ta ɓace wa ido, kowa kuma yana tari. Wannan ne ya ɓoye shi. Ya sha zuma da citta, ya sha kanumfari, ya sayi ƙwayoyi a shago. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo da zafinta da ke haura digiri 40, tarin kowa ya tsaya ban da nasa. Da dare sai zufa ta jiƙa shimfiɗa, ya ce ai bazara ce. Wandonsa ya fara yi masa yawa, ya ce ai azumi ne ya wuce. Sai ranar da ya yi kaki a bayan rumfa ya ga jan zare a ciki, ya tsaya yana kallonsa, shi da jini bai taɓa ba shi tsoro ba.

'Yarsa ta biyu ce ta kai shi asibiti. Tana karatun likita a nan garin, kuma da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mata, ba ya kiranta da komai sai Uwata, wanda hakan ya ba ta ikon yi masa faɗan da ba wanda ya isa ya yi. Aka ba shi ɗan gwangwani ya tofa kaki, aka sa a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, mai neman sawun halittar ƙwayar cikin kimanin awa biyu, ta kuma faɗa ko ƙwayar tana jin babban maganin ko ta bijire masa. Ta nuna akwai, kuma tana jin magani. Sannan aka tura shi ɗaukar abin da ma'aikatan ke kira radiyo, bisa lafazin Faransanci, wanda a Kano za a ce hoton ƙirji.

Da likita ya ɗora baƙar takardar a jikin fitila, mahaucin ya gane abin da yake kallo kafin a yi masa bayani. Ga haƙarƙari a jere, ga zuciya ta ɗan karkata hagu, ga huhu biyu baƙi ƙirin saboda iskar da ke cikinsu. A saman na dama kuwa akwai wani farin gajimare, a tsakiyarsa wani zagaye mai duhu kamar bakin tulu. Likitan ya ce wannan kogo ne, wurin da ciwon ya cinye nama ya bar rami. Dabarar hoton tsohuwa ce: Wilhelm Röntgen ya gano hasken a Jamus a watan Nuwamba na 1895, shekara 13 bayan Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar tarin fuka a Berlin ranar 24 ga Maris, 1882. Hasken yana ratsa iska cikin sauƙi, yana tsayawa a ƙashi da duk abin da ya yi kauri, don haka abin da ke fitowa a takarda inuwa ce. Inuwa kuwa tana nuna girman abu da inda yake, ba ta nuna ko yana da rai.

Wata shida ya yi yana shan magani, kyauta kamar yadda tsarin ƙasar Kamaru ya tanada: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe, sauran huɗun guda biyu. Fitsarinsa ya koma ja kamar zoɓo, aka ce aikin rifamfisin ne, kada ya damu. Ya bar teburinsa a hannun ƙanensa. An duba kakinsa a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida, ba a ga ƙwaya ba. Ya mayar da kilo bakwai. Malamin da ke riƙe da rajista ya rubuta kalma ɗaya ta Faransanci a katinsa, ya ce masa, "Baba, ka warke, sai godiyar Allah."

Da a nan labarin ya ƙare, da ba a yi ta maganarsa ba. Amma tarin bai tafi duka ba. Ya ragu, ba jini, ba zufa, sai dai kowace safiya yana nan, kuma in ya ɗaga cinyar sa ya yi taku ashirin sai numfashi ya gagare shi. Ya koma kasuwa ya tarar labari ya riga shi. Matan da suka shekara goma suna sayen nama a wurinsa suka riƙa gaishe shi daga nesa su wuce teburin gaba. Mai tsiren da yake ba tsoka bashi ya ce ya sami wani. Ba wanda ya faɗa masa dalili, ba kuma wanda ya buƙaci faɗa, domin duk sa'ad da ya juya baya ya yi tari yana jin yadda layin ke yin tsit.

Don ya kashe maganar, ya je wani ɗakin hoto mai zaman kansa, bai gaya wa kowa ba, ya biya aka sake ɗaukarsa. Nufinsa ya riƙo takarda fes ya nuna wa duk mai shakka. Wanda ya miƙo masa hoton ba likita ba ne, amma ya ɗaga shi sama ya duba, ya nuna saman huhun dama da bakin biro, ya ce, "Alhaji, ai da saura." Farin yana nan. Ya tsuke, ya ja jikinsa sama, ya zama kamar zare-zare, amma yana nan.

Ya dawo gida ya ware kwanonsa da kofinsa. Ya hana jikansa ɗan shekara uku shiga ɗakinsa, yaron da tun yaye a bayansa yake barci. Ya daina zuwa sahun gaba a masallaci. Uwargidansa ta yi magana har ta gaji. Kati ya ce ya warke, hoto ya ce da saura, shi kuwa mutum ne da ya yi imani da cewa gani ya kori ji.

Mako biyu ana haka kafin 'yar ta gane abin da ya faru. Ta same shi bayan la'asar a zaure, ya baza kilishi a kan wutar da ta kusa mutuwa, ta zauna a bakin tabarma da ambulan biyu a hannunta.

"Baba, me ya sa ba ka nuna mini ba?"

"Me zan nuna miki, Uwata? Na gani da idona. Na san abin nan. Na sha yanke shi."

Ta ce to tun da ya san shi, ya gaya mata iri nawa ne. Ya ce biyu, mai laushi da mai tsakuwa, sai kuma wanda ke tsakani. Ta tambaye shi ko a sa ɗaya akan sami duka. Ya ce sau da yawa ma, a huhu ɗaya, wannan kusa da wannan. Ta yi shiru, domin abin da ya faɗa cikin rabin minti shi ne abin da aka yi mata lacca guda a kansa.

Ƙullutun nan, wanda likitoci ke kira garanuloma, ba ƙwayar cutar ce ke gina shi ba. Jiki ne. Idan mutum ya shaƙi ƙwayar ta sauka can ƙarshen hanyoyin iska, wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna makrofaj, waɗanda aikinsu haɗiye duk baƙon abu, sukan haɗiye ta. Yawancin ƙwayoyin cuta a nan suke halaka. Ta tarin fuka kuwa tana da riga mai kitse da dabarar hana a narkar da ita, sai ta zauna cikin wanda ya haɗiye ta, har ta hayayyafa. Makrofaj ya yi kururuwa da sinadarai, 'yan'uwansa su taru, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su kewaye su, a yi ganuwa. In ganuwar ta yi ƙarfi, abin da ke ciki ya mutu ko ya yi likimo, a hankali alli ya taru a wurin, shi ne wanda wuƙa ke ƙara a kansa. In kuwa yaƙin ya yi tsanani, tsakiyar ta ruɓe ta zama cukun nan, ta narke, ta ɓalle cikin hanyar iska, mutum ya tofar da ita ya bar kogo. Mafi yawan ɓarnar da ke cikin huhun mai tarin fuka daga hannun masu tsaron gida take fitowa. Wannan taro da zafin nasu shi ake nufi da kumburi a bakin likita, ko da ba a ga wani abu ya tasa a waje ba.

Ta nuna masa murhun da ke gabansa. Ta ce in aka ɗauki hotonsa yanzu, aka kuma ɗauka gobe da safe, toka ce za ta fito a duka biyun, tudu ɗaya, launi ɗaya. Ya miƙa tafin hannunsa bisa tokar, kamar yadda ya saba yi ba tare da tunani ba, ya ce wannan da rushi a ƙasa. Ta ce radiyo ba ta da tafin hannu.

Akwai na'urar da ke da shi, ana kiranta PET-CT, kuma yadda take aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙwayoyin garkuwar jiki in suna cikin yaƙi sukan ci sukari fiye da kima. Masana sai suka ɗauki gulukos suka canza masa gaɓa ɗaya, suka liƙa masa sinadarin fulorin-18, wanda ke fitar da wani haske da ido ba ya gani. Ana hana mutum abinci na wasu awoyi, a yi masa allurar wannan sukari, ya kwanta kimanin awa ɗaya. Ƙwayoyin da suka fi yunwa su ja shi ciki, amma da yake an canza shi ba sa iya ƙone shi, sai ya maƙale ya taru. Daga nan kowane ɗigonsa yana harba haske biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, zoben na'urar da ke kewaye da mutum yana kama su yana lissafa daga inda suka taso. A lokaci guda sikana tana zana surar huhun yanki-yanki, kamar yadda ake yanyanka tsoka. In aka ɗora hoton zafi bisa hoton sura, kowane ƙullutu ya fito da nasa hasken: wannan ya mutu, wannan yana ci. Za a iya maimaitawa bayan wata ɗaya, bayan wata shida, a bi kowane ɗaya a ga inda ya nufa.

A Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, JoAnne Flynn da Philana Ling Lin sun yi shekaru suna bin birai masu tarin fuka da wannan na'ura. A 2014 suka nuna cewa yawancin ƙullutai daga ƙwaya ɗaya tak kowannensu ke farawa, kuma a huhu guda wani yana kashe abin da ke cikinsa sarai alhali maƙwabcinsa yana faɗaɗa. Kafin nan an saba raba mutane gida biyu, masu ciwo da masu ƙwaya a kwance. Hotunan suka nuna cewa tsakanin biyun fili ne mai faɗi. A Cape Town ta Afirka ta Kudu, Hanif Esmail da abokan aikinsa sun ɗauki mutum 35 masu ƙanjamau waɗanda ba su da wata alamar tarin fuka, suka tarar 10 cikinsu da ciwo yana motsi a ɓoye. Huɗu daga cikin goman nan sun buƙaci magani ba da daɗewa ba, sauran 25 kuwa ba ko ɗaya.

Da ya ji haka sai idonsa ya buɗe. Ya ce, "To a kai ni. Ko nawa ne, a sayar da filin nan na bayan gari." A nan ne 'yar ta yi jinkiri, domin amsar da ke bakinta kashi biyu ce, kuma ta biyun ta fi ta farko nauyi.

Ta farko ita ce babu na'urar a Garwa, kuma kuɗin sayenta ba shi kaɗai ne cikas ba. Fulorin-18 ba ya ajiyuwa. Kowane minti 110 rabin ƙarfinsa ke tafiya, ta yadda bayan awa 12 abin da ya rage bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Dole a ƙera shi a ranar, cikin wata babbar na'ura mai suna saikulotiron, a kusa da inda za a yi allurar, da wutar lantarki wadda ba ta ƙiftawa. Wanda ya san tafiyar Yawunde daga nan, mota zuwa Ngaundere sannan jirgin ƙasa na kwana, ya san abin da zai iso in aka ɗauko shi ta hanya.

Ta biyu ita ce, ko da an kai shi, mai yiwuwa ne ya fito da damuwar da ta fi wadda ya shiga da ita. A 2016 Stephanus Malherbe da abokan aikinsa na Jami'ar Stellenbosch suka wallafa abin da suka gani a jikin mutum 99 da suka gama wata shidan nan na magani. Waɗanda hasken ya mutu sarai a huhunsu 14 ne kawai. Kimanin rabi ya ragu amma bai ƙare ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku kuwa an ga wani wurin ya ƙara haske ko sabo ya ɓullo. Duk da haka, mafi yawan waɗannan mutane ciwon bai dawo musu ba. Dalili shi ne abin da na'urar ke gani yunwar masu tsaro ce, ba abokin gaba ba. Masu tsaro kuwa sukan ci gaba da sintiri bayan an gama yaƙi, suna kwashe gawarwaki, suna gyaran ganuwa, wani lokaci kuma suna danne 'yan ragowar da magani ya raunana. Sukarin ba ya tambayar wanda ke cin sa: ciwon daji ma haka yake haskawa, haka ma wasu cututtukan huhu.

An gwada dogara da hoton wajen yanke hukunci. A wani gwaji mai suna PredictTB, a Afirka ta Kudu da ƙasar Sin, an zaɓi waɗanda hotonsu ya nuna ciwo mai sauƙi da saurin lafawa, aka tsayar wa wasunsu da magani a wata huɗu. Ciwon ya fi dawowa a cikinsu, aka dakatar da gajartawar. Wannan bai rage darajar na'urar ba a wurin masu bincike, sai dai ya nuna iyakarta. A Jami'ar Johns Hopkins ta Baltimore, ɗakin binciken Sanjay Jain ya bi wasu hanyoyi biyu: sinadarin da ke liƙe wa makrofaj masu kumburi musamman maimakon duk mai cin sukari, da kuma liƙa haske a jikin rifamfisin kansa don a ga inda yake kaiwa. Hotunan sun nuna cewa bangon kogo, inda ƙwayoyin suka fi yawa, yana cikin wuraren da maganin ya fi ƙarancin shiga. Irin wannan sani shi ke sa a sake duba yawan maganin da ake bayarwa, kuma ta wannan ƙofa ce amfanin na'urar zai iso Garwa, cikin ƙwayar magani, ba cikin akwatin ƙarfe ba.

Abu ne mai sauƙi a mayar da wannan labari kukan rashi, a ce ga abin da masu arziki ke da shi ga talaka babu. Ba haka lamarin yake ba. Ko a ƙasashen da ke da na'urar, ba a sa kowane mai tarin fuka a cikinta. Kayan bincike ce, mai tsada, mai ɗora wa jiki hasken da ba a so a yawaita. A 2023 mutum kimanin miliyan 10.8 ne suka kamu da ciwon a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka mutu, kuma abin da ya kashe mafi yawansu jinkiri ne irin na hunturu da bazara, ba rashin PET-CT ba. Rashin da ya taɓa mahaucin ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi ban haushi: ba wanda ya gaya masa, ranar da aka sallame shi, cewa inuwar za ta zauna.

Washegari ta kai shi wurin likitan da ya fara ganinsa, da ambulan biyun. Likitan ya jera hotunan gefe da gefe a jikin fitila. A na farko gajimaren mai taushin baki ne, ya bazu kamar tawada a rigar da ta jiƙe. A na biyu bakinsa ya yi kaifi, ya tattare, ya janyo abin da ke kewaye da shi sama, kogon kuma ya ƙanƙance, bangonsa ya yi siriri. Ya ce haka tabo yake yi, kamar ƙuna in ta warke ta tamke fata. Hoto ɗaya ba ya magana, in ji shi, sai an ba shi ɗan'uwa. Ya sa aka sake duba kaki a madubin likita, aka kuma aika wani don a shuka, tun da GeneXpert tana iya kama sawun matacciyar ƙwaya watanni bayan warkewa ta tayar da hankali a banza. Ya ɗora shi a sikeli. Ya tambayi zazzaɓi da zufa da jini. Sannan ya ba shi rana bayan wata uku don hoto na uku, ya ce in kafin nan jini ya fito, ko nauyi ya fara zubewa, kada ya jira ranar, domin ciwon yakan dawo wa wasu, kuma tsohon kogo wani lokaci funfuna ke samun wurin zama a cikinsa.

Game da numfashin, bai yi masa alkawari ba. Naman da ya zama tabo ba ya komawa soso. Wannan hali yanzu yana da suna a littattafan likitanci, ciwon huhu na bayan tarin fuka, kuma sai a 2019 aka yi taron duniya na farko a kansa, a Stellenbosch, bayan an shafe shekaru ana rubuta "ya warke" a rufe rajista. Ya hana shi zama cikin hayaƙin kilishi. Ya ce ya riƙa tafiya kowace safiya yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ya bar wa yara ɗaukar cinya.

"Likita, jikana fa?"

"An duba shi tun farko, ko ba haka ba? To ya koma ɗakin kakansa. Kwanon ma a mayar cikin 'yan'uwansa, Baba. Ciwon nan ta iska yake bi, ba ta kwano ba, kuma wanda kakinsa ya tsarkaka ba shi da abin da zai ba wani."

Sakamakon shukar yana ɗaukar makonni, domin ƙwayar tana kusan kwana guda kafin ta rabu biyu. Ya jira shi kamar yadda ake jiran watan Sallah cikin hazo. Da ya fito babu abin da ya tsiro, sai ya sa 'yar ta karanta masa takardar sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Bai nuna wa kowa a kasuwa ba. Daga cikin matan nan biyu sun dawo da kansu, mai tsiren bai dawo ba.

Ana saura kwana tara ranar hoto na uku, ya tsaya a kan wani bijimi da shi da ƙanensa suka haɗa kuɗi suka saya. An feɗe, an fasa ƙirji, ƙanen ya zaro huhun ya ajiye a kan fata. Dattijon ya durƙusa ya bi shi da yatsu daga ƙasa zuwa sama, ya tsaya. Ya tsaga na farko, wuƙar ta yi ƙara. Ya tsaga na kusa da shi, farin abu ya biyo bakinta. Ƙanen ya dube shi, ya dubi ƙofa, ya miƙo hannu a karɓa a jefar. Malamin dabbobi yana can ƙarshen rumfa, ya juya baya yana buga hatimi a wata cinya.

Ya goge wuƙar a fatar, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya jira numfashinsa ya daidaita, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Malam, in ka gama zo ka duba mana nan."